Yashin Jirgin Ƙarfe Biyu

Ƙarfe biyu da minti ashirin Nas ta buɗe akwatin don ta duba ko ƙanƙarar ta fara narkewa. Ƙanƙara tana nan yadda ta jera ta. Kwalaben ne babu, duka shidan.

Ta rufe, ta sake buɗewa, kamar a karo na biyu za su dawo. Daga nan ta zauna daɓas a kan akwatin lemo a gaban firij, ba abin da ke fita daga bakinta sai "Inna, Inna."

Kwalaben nan maganin dafin maciji ne. A wani ƙaramin asibiti a hayin kogi, inda ruwa ya cinye gada tun watan jiya, akwai wata mata kwance, maciji ya sare ta da safe tana yankan ciyawa. Jirgi ɗaya ke zuwa can a rana, na ƙarfe huɗu, kuma matuƙinsa ba ya ƙara wa kowa ko minti goma, don filin can ba fitila. Wuta ta ɗauke a ɗakin jiran fasinja tun hantsi, shi ya sa Nas ta tsallako mashayar da ke jikin shingen filin jirgin, ta roƙi Inna, matar Baba Mai Gashi, ta ajiye mata akwatin a firij. Sannan Nas ta zauna cin nama kafin lokaci.

A daidai nan Sajan, 'yar sandan filin jirgin, ta shigo, kuma ba aiki ya kawo ta ba, yunwa ce. Tun ƙarfe ɗaya ta ce Baba ya ɗora mata haƙarƙari, sai aka kira ta wai awaki sun ɓarke shinge suna kiwo a gefen titin jirgi. Mace mai igiya uku, ta yi awa guda tana tsere da bunsuru. Ta dawo takalmi duk ƙaya, rai a ɓace, ba ta son jin komai sai ƙarar mai a kan garwashi.

Ta ji abin da ya faru a tsaye. Ta dubi agogo, ta dubi haƙarƙarinta da ke can gefen wuta yana jiranta, ta haɗiye yawu.

"Baba, ja ƙofar nan ka sa sakata. Ba mai fita."

Mashayar ba wata babba ba ce: rumfar kwano, tebura bakwai, rabin ganga da raga a kai inda Baba ke gashi, sai ɗan ɗaki a baya mai kanta da firij. Ɗakin yana da ƙofar baya, tana fita ne filin da ma'aikata ke ajiye babura, sun fi talatin. Bayan masu wurin da Nas, mutum uku ne a ciki. Akwai Direba, mai tuƙa tankar man jirgi. Akwai Kawu Mai Awo, wanda ke auna kayan fasinja, shekararsa goma sha biyar yana cin rana a tebur ɗaya, na kusurwa kusa da kanta. Sai wani baƙo mai kwat da jakar hannu, shi ma jirgin ƙarfe huɗu yake jira.

Sajan ta durƙusa gaban Nas.

"Ƙanwata, share hawayen, ba mu da lokacinsu. Yaushe kika gan su da idonki?"

"Biyu saura minti goma. Na buɗe, na gani, na rufe."

"Wa ya san abin da ke ciki?"

"Na gaya wa Inna a bakin kanta. Ban rage murya ba. Kowa ma zai iya ji."

"Inna, daga lokacin zuwa yanzu kin bar gaban firij?"

"Ko nan da can," in ji Inna. Sai ta tuna. "Sai fa lokacin jirgi, da na ƙarfe biyu zai tashi."

Duk wanda ya taɓa cin nama a wurin ya san lokacin jirgi. Mashayar tana daidai ƙarshen titi, inda jirgi ke zuwa ya juya. In ya juya, wutsiyarsa ce ke kallon rumfar, matuƙi ya taka birki ya ba injin wuta har minti biyu yana gwadawa kafin ya saki. Minti biyun nan farfela na kwaso yashin gefen titi tana watso shi cikin rumfa. Shi ya sa kowane tebur ke da murafen tukunya rataye da igiya a ƙafarsa. Da Baba ya hango jirgi ya doso, sai ya buga wani tsohon ƙarfen taya da abin juya nama, kowa ya kifa murfi a farantinsa ya danne da hannu, ya sa babban yatsa ya toshe bakin kwalba, ya sunkuyar da kai ya runtse ido. Ba a ji, ba a gani. Inna kan fito ta rungume igiyar tamfol don kada iska ta tafi da shi, Baba kuma ya kifa fallen kwano a kan raga ya riƙe da hannu biyu.

"To ga lokacin nan," in ji Sajan. "Minti biyu, firij ba mai gadi, kowa makaho, kowa kurma."

Aka zazzage aljihu, aka buɗe jakar baƙon, aka juye akwatunan lemo, Inna har buhun gawayi ta kwance. Ba kwalba ko ɗaya. Wanda ya ɗauka ya fita da su ta ƙofar baya ya dawo, kuma Sajan ba ta da hurumin fasa akwatunan babura talatin na mutanen da ba sa nan, ko da tana da lokacin. Agogo ya ce uku saura kwata. Wayar Nas ta yi ƙara. Likitan hayin kogi ne, ya ce kumburin ya wuce gwiwa, dasashin matar ya fara jini. Nas ta ce masa, "Muna tafe," ta kashe wayar.

Direba ne ya fara faɗin abin da ke zuciyar kowa.

"Ranki ya daɗe, mu nan duk mun san juna. Mutum ɗaya ne ba mu sani ba."

Idanu suka koma kan baƙon. Shi kuwa tun ɗazu yake fama da hankici, yana goge ido, yana tofar da yawu a fakaice.

"Malam, me ka zo yi?" Sajan ta tambaye shi.

"Injiniya ne ni. Gadar da ta karye zan je dubawa."

"Lokacin da Baba ya buga ƙarfe, me ka yi?"

"Na zaci kiran wani yake. Na ga kowa ya sunkuya, na ɗaga kai in ga me ake tsoro." Ya nuna idanunsa, sun yi jawur. "Na kuwa gani."

Sajan ta zagaya bayansa. Yashi a gashin kai, yashi a wuyan kwat, yashi har cikin kunne. Ta wuce wurin Direba.

"Kai fa?"

"Ina nan kan kujerata, hannu ɗaya kan murfi, ɗaya kan kwalba. Kin san ni da nama, ko gobara ake ba na tashi."

"Akwai shaida?"

"Shaida kuma? Ido rufe fa muke, ranki ya daɗe."

Gaskiyarsa. Ba mai iya tsaya wa wani, kuma abin da ɓarawon ya dogara da shi ke nan. Sajan ta ja kujera ta zauna a teburin Kawu Mai Awo, dattijo mai tsabta, farar riga a goge, biro biyu a aljihun gaba. Murfi na kife a kan farantinsa.

"Kawu, kai ka fi kowa kusa da kanta. Ba ka ji motsi ba?"

"'Yata, a wannan rugugin? Ko saniya aka ja ta gefena ba zan ji ba. Na kifa kaina kamar kullum."

"Kai ka auna akwatin da safe?"

"Ni na auna, ni na rubuta. Aikina ne." Ya girgiza kai. "Abin ya kashe mini jiki, wallahi. Ko naman ma na kasa ci." Ya dube ta da tausayi, ya ɗage murfin ya turo mata farantin. "Ke ma tun safe ba ki sa komai a ciki ba. Bismillah."

Ba ta yi fulako ba, yunwa ta fi ƙarfin kunya. Ta ɗauki yanka ɗaya mai kitse a gefe, barkono ya lulluɓe shi, ta jefa a baki. Ta tauna sau biyu ta tsaya. Sannan ta ci gaba da taunawa a hankali, ta haɗiye, ta ce, "Na gode, Kawu."

Abin da ta yi bayan nan ya sa mutanen wurin suka fara kallon juna. Ta tashi ta je teburin Direba, ta ɗauki yanka a farantinsa ba tare da ya ce mata bismillah ba. Ta je na Nas, ta ɗauka. Ta ɗauki na baƙon, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ƙarasa gaban ganga ta ce Baba ya yanko mata daga tsakiyar raga, da kuma daga can gefe.

"Sajan," in ji Direba, "bincike kike ko yawon ɗanɗano?"

Nas ta miƙe. "Yaya, don Allah. Ƙarfe uku ta wuce. Mace na can tana mutuwa, ke kina..."

"Na sani, ƙanwata. Zauna." Ta goge yatsunta. "Inna, zo mu ga igiyar nan taki."

Inna ta nuna mata. Igiyar tana ɗaure ne a ginshiƙin da ke bayan kujerar Nas. Tafin hannun Inna har yanzu da jan sawu.

"Kin ji ta a bayanki?" Sajan ta tambayi Nas.

"Ƙugunta na jingine da kafaɗata har jirgin ya tashi."

"Madalla." Ta ja Inna gefe, ta rage murya. "Yau akwai wanda ya nemi ƙanƙara a wurinki, ba tare da lemo ba?"

Inna ta yi tunani, sai ta kai hannu baki. Ta raɗa mata suna. Sajan ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta dawo tsakiyar rumfa, ta ciro murfi ɗaya daga igiyarsa ta ɗaga.

"Baba, murfin nan, in mutum ya kifa shi bai danne ba, me ke faruwa?"

"Iska ta yi gaba da shi mana. Shi ya sa na ɗaure su da igiya. Da can har bakin shinge nake tsinto su."

"Ke nan duk farantin da ba yashi, mai shi yana zaune a kansa minti biyun nan, hannunsa a kan murfi."

"Haka yake."

"Na ci na Direba, tsaf yake. Na ci na Nas, tsaf. Na ci daga raga, tsakiya da gefe, ko ƙwaya ɗaya babu, ke nan Baba bai saki kwanonsa ba. Inna na jikin igiya. Saura faranti biyu, kuma duka biyun sai da haƙorana suka yi ƙara."

"Na baƙon," in ji Direba da sauri.

"Na baƙon, eh. Bai san al'adar wurin ba, bai rufe ba. Amma dube shi. Yashin da ke kansa ya isa a yi bulo. Wanda ke cikin ɗaki gaban firij ba ya kwasar wannan. Malam Injiniya, ka yi haƙuri da mu, kai kaɗai ne ma a nan jikinka ya yi maka shaida tun kafin a tambaye ka."

Ta juya a hankali.

"Ɗayan farantin naka ne, Kawu."

Kawu Mai Awo ya yi 'yar dariya. "Haba 'yata. Murfin ne ya suɓuce mini. Hannun tsufa."

"Baba, shekara goma sha biyar, ya taɓa suɓuce masa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Shi ke koya wa baƙi yadda ake dannewa."

"Mu ce ya suɓuce yau. Da kana zaune, da ka san yashi ya shiga, kuma mutum mai tsabta irinka ba zai miƙa wa baƙuwar teburinsa nama mai yashi ba. Ka miƙo mini ne don ba ka sani ba. Ka kifa murfi ka tashi, iska ta ture shi, ka dawo ka same shi yana lilo a igiya, ka mayar da sauri kafin mutane su ɗago. Barkono ya ɓoye maka sauran."

"Zato ne wannan."

"To sunkuyo mu ga ƙeyarka."

Bai motsa ba. Sajan ta sa Direba ya sunkuya, ta shafa wuyan rigarsa ta ciki, ta nuna yatsa: ja da yashi. Ta shafa ɗankwalin Nas, haka. Ta je bayan Kawu ta ɗaga wuyan farar rigar da yatsa biyu. Fari fat, kamar yanzu aka sauke ta daga igiyar shanya.

"Ana kakkaɓe kafaɗa, Kawu, amma ba wanda ke tuna cikin wuyan riga. Kai ka auna akwatin, ka karanta abin da ke jikinsa. Ka san maganin nan in ya yi zafi ya tashi aiki, shi ya sa da sha biyu ka ce Inna ta ba ka ƙanƙara a leda, wai gwiwarka ke ciwo. Ina ledar? Gwiwar wandonka a bushe take." Ta miƙa hannu. "Makullin babur."

Kawu ya dubi Baba, Baba ya kau da kai. Ya dubi Inna, wadda ta shekara goma sha biyar tana ajiye masa kujerar nan, ita kuwa ta zuba masa ido ba ta ko ƙiftawa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ajiye kusa da farantin.

A akwatin bayan babur ɗin akwai kular abinci. Sajan ba ta buɗe ba, ta miƙa wa Nas. Nas ta murɗe murfin, ta tarar da su kwance a cikin ƙanƙara, an naɗe kowacce da takardar awo don kada su fashe. Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora ɗaya a kumatunta.

"Da sanyinsu," ta ce. "Yaya, da sanyinsu." Sai ta fashe da kukan da aka hana ta ɗazu, tana dariya a ciki.

Kawu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, wai wani mai shagon magani ne ya daɗe yana masa naci, kuma ya ɗauka asibiti za su aiko da wasu gobe.

"Ita matar ba ta da gobe," in ji Sajan. Ta kira kofur ɗinta a waya ya zo ya tafi da shi. Da za su fita, Inna ta ɗauke kujerar kusurwar ta kifa ta a kan tebur.

Huɗu saura minti goma sha biyu. Ta ƙofar fasinja zagaye ne mai nisa, don haka Direba ya ce su hau tanka. Nas a gaba rungume da akwati, Injiniya a gefenta da jakarsa a cinya, Sajan a tsaye kan matakala tana riƙe da madubi, tana ɗaga wa mai gadin ƙofar ma'aikata hannu tun daga nesa ya buɗe. Direba, wanda ɗazu ya so a kama baƙon, shi ne ya sauko ya ɗaukar masa jaka har bakin jirgi, yana ta ba shi haƙuri. Matuƙi na tsaye yana duban agogo. Nas ta hau, ta juyo daga ƙofa za ta yi magana, Sajan ta yi mata alama da hannu ta shige kawai.

Da ta dawo mashaya a ƙafa, Baba ya riga ya jere mata haƙarƙarin a babban faranti, ya yanka albasa a kai, Inna ta buɗe mata lemo mai sanyi har kwalbar na gumi.

"Wancan na ɗazu ya bushe," in ji Baba. "Wannan sabo ne. Ki ci a hankali, yau ba akuyar da za ta kira ki."

Ta zauna, ta cire hula, ta ɗauki ƙashi na farko. Ɗumi, gishiri daidai, naman na sakin ƙashi da kansa. Ba ta kai ga na biyu ba Baba ya buga ƙarfen taya.

Direba, da ya riga ta dawowa, ya kifa murfinsa. Inna ta rungume igiya. Jirgin ya zo ya juya, injin ya ɗauki rugugi, rumfa ta fara kaɗawa. Sajan ta san al'ada sarai, shekararta shida a wurin. Amma ta miƙe tsaye ta kare ido da tafin hannu, tana leƙe ta tsakanin yatsu, yashi na dukan fuskarta. Tana so ta gani da idonta. Ta ga matuƙi ya saki birki, ta ga jirgin ya zabura, ta ga tayoyin sun rabu da ƙasa, ya karkata ya nufi hayin kogi. Daɗi ya cika ta har ta ji tana dariya ita kaɗai.

Da ƙura ta lafa, Baba ya ɗago ya dubi teburinta. Murfi na rataye a igiyarsa, farantin a buɗe.

"Haba Sajan. Ke da kika gama yi mana karatun murfi?"

Ya miƙo hannu zai ɗauke ya sake mata wani, ta riƙe farantin. Ta zauna, ta ɗauki ƙashi ta kai baki, yashi na ƙara a haƙoranta har Direba na ji daga teburinsa. Tana nan tana ci a hankali har rana ta yi sanyi, sannan wayarta ta yi ƙara. Nas ce, daga hayin kogi: sun sauka, an sa wa matar kwalba ta farko, tana shiga jijiya.

Sajan ta ajiye wayar, ta tsotse yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," ta ce, "ƙaro mini albasa."